Inci Biyun Baba Tela

Shekara arba'in da ɗaya Baba Tela ya yi yana ɗinki a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da katifa, kuma abin da yake taƙama da shi bai wuce abu guda ba: ba a taɓa dawo masa da riga an ce ta matse ba. An dawo an ce launin zare bai yi ba. An dawo an ce ya saɓa alkawari da sati uku, kuma gaskiya ce, ya saɓa, ai tela ne. Amma a ce hannu ya ƙi shiga, ko maɓalli ya ɓalle a tsakiyar taro, wannan kam bai taɓa faruwa ba. Idan ka zauna kusa da shi minti goma sai ka ji wannan labari, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Da idonsa ya fara yi masa gardama, har sai ya kai zare bakin allura sau bakwai kafin ya shiga, sai ya bar wa ɗan ƙaninsa shagon da keken, ya tattara ya koma gida. Abu ɗaya ne ya ƙi bari, tef ɗinsa na awo, wanda lambobin farkonsa suka koɗe saboda yawan taɓawa. Kullum yana rataye a wuyansa, ko sabulu zai je saye. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Ta ce mutane za su ɗauka bai san ya daina aiki ba, shi kuwa ya ce wuyansa ne ke jin sanyi idan babu shi.

Zaman gida bai karɓe shi ba ko kaɗan. Mutum ne mai shegen son sanin dalili, da can ɗinki ne ke danne masa wannan hali. Yanzu da hannu ya zauna sai tambaya ta tashi. Me ya sa firiji ke ƙugi, ya yi shiru, ya sake ƙugi? Ina ruwan famfo yake tsayawa idan an rufe? Ya kwance agogon bango don ya ga abin da ke ciki, ya mayar, 'yan kusoshi biyu suka yi saura a kan tebur, agogon kuma bai ƙara motsi ba. Ranar da matarsa ta same shi tsugune a bayan firijin da sukudireba a hannu, sai ta tuna masa cewa likita ya ce ya riƙa tafiya da safe, ta buɗe masa ƙofa da kanta.

Garin nasu ƙauye ne a da. Birni ne ya yi ta miƙe ƙafa har ya iso, gonaki suka koma gidaje masu katanga da get, hanyar shanu ta zama kwalta. Abin da ya rage na da shi ne wani ɗan kurmi tsakanin makarantar firamare da babban titi, girmansa bai wuce filin ƙwallo uku ba. Har yanzu idan za a kwatanta shi cewa ake yi bayan gari, alhali gari ne a bayansa, gari ne a gabansa. Baba Tela ya wuce ta gefensa safe da yamma tsawon rayuwarsa, amma a wurinsa itace iri biyu ne a duniya, mai inuwa da marar inuwa. Sai da ya fara ratsawa da ƙafa ya lura cewa da zarar ka yi taku ashirin ciki ƙarar motoci ke raguwa, iska ta yi sanyi, ƙasa ta yi laushi. Nan ma ya samo sabuwar tambaya, sai dai babu wanda zai yi wa.

Bai yi wata biyu da fara wannan yawo ba sai aka kafa allo a bakin kurmin. Hukumar gari za ta faɗaɗa titi, sauran filin kuma a share a yi wurin ajiye manyan motoci. Aka kira taro a wani aji na makarantar, manya suka cusa gwiwoyi a ƙarƙashin teburan yara, kowa na magana babu mai saurare. Can sai wata malamar daji ta miƙe, 'yar siririya, da hular kwano a hannu don a babur ta zo. Ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce akwai ƙa'ida guda da za ta iya tsayar da aikin: duk kurmin da ke da manyan itatuwa arba'in, waɗanda kaurin kowannensu ya kai inci hamsin, ba a share shi. Za a zagaye manyan da waya, abin da ke ciki ya tsira, abin da ya faɗa waje titi ya ci. Matsalar ita ce ita kaɗai ce a ofis, garuruwa goma sha ɗaya ke wuyanta, kuma kwamiti zai zauna nan da sati uku. Idan mutanen gari za su auna da kansu su rubuta, za ta zo ta duba wasu ta sa hannu.

Ta tambaya ko akwai wanda ya iya awo. Sai kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa wuyan Baba Tela.

"Ni fa mutane nake aunawa," ya ce.

"Baba, waɗannan sun fi sauƙi," in ji malamar. "Ba sa ɓoye tumbi."

Da wannan maganar ta saye shi. Washegari ta kawo masa sanda da ta yanke daidai tsayin ƙirjin babban mutum, ta ce kowane itace a daidai nan za a auna shi, kada a yi ƙasa inda gindi ke faɗi, kada a yi sama inda yake sirancewa. Ta ba shi fom da gwangwanin farin fenti na sa lamba. Fom ɗin ya miƙa wa matarsa, don layukansa sun yi wa idonsa ƙanana. Shi kuwa ya ɗauko tsohon littafinsa na awo, wanda rabinsa ke cike da wuyan mutane da ƙugunsu, ya buɗe sabon shafi.

Tef ɗin tela inci sittin ne, kuma hannun mutum ɗaya ba ya zagaye babban itace, dole a nemi na biyu. Aka samo Direba, ƙanin matarsa, wanda ya shekara talatin yana jan bas kafin bayansa ya ce ya isa haka. Mutum ne mai tumbi da murya, kuma tun ranar da Baba Tela ya auri yayarsa bai daina tsokanarsa ba. Aikinsa ya tsaya a bayan itace ya riƙe bakin tef. Idan tef ya ƙare itacen bai ƙare ba, ya yi alama da alli a ɗora daga nan, in an gama ya shafa lamba da fenti. Ya karɓi aikin bisa sharaɗin ba ruwansa da cinnaku, su kuwa cinnaku ba su san da wannan sharaɗi ba.

Kwana goma sha biyu suka yi a ciki, daga hantsi zuwa tsakar rana. Baba Tela ya ɗauki aikin yadda ya saba da masu kawo ɗinki: ya tsaya ya ƙare wa itace kallo tukuna, ya zagaya shi, ya shafa, sannan ya miƙa tef. Nan ya gane ashe su ma kowa da ƙirarsa. Akwai mai tumbi, akwai mai ƙusumbi, akwai wanda ya karkace kafaɗa kamar mutumin da ya daɗe yana rataye jaka a gefe guda. Ɓawon wani kaushi ne da shi kamar buhu, na wani kuwa sai hannu ya zame. Malamar ta koya masa sunayensu, maɗaci da kanya da marke da tsamiya, ya riƙa rubutawa a gefen lamba, har da abin da ba a tambaye shi ba: wannan akwai zuma a kogonsa, wannan an taɓa sararsa ya warke, wannan ya haɗiye wata tsohuwar wayar shanya har ba a ganin komai sai bakinta.

Wayar shanyar nan ta hana shi sakat. Ya kira malamar ya tambaye ta yadda itace ke cin ƙarfe bai mutu ba. Ta yi masa bayani cewa itace daga waje yake ƙara jiki, duk shekara sabon layi a ƙarƙashin ɓawo, don haka abin da aka ɗaura masa aka manta sai ya bi ta kansa ya rufe. Sai ya ce to ashe shafi yake yi wa rigarsa kowace shekara. Washegari ya sake kira: me ya sa kusan babu abin da ke tsirowa a ƙarƙashin tsamiya? Jibi kuma: me ya sa duk na gefe suka sunkuya waje guda? Baiwar Allah tana amsawa, wani lokaci da ƙarar babur a bayan muryarta.

Rana ta shida suka tarar da wata kanya da ta rabu biyu tun daga ƙasa. Direba ya ce itace ɗaya ne, ai gindi ɗaya ne. Baba Tela ya ce biyu ne. Suka yi ta musu har Direba ya zauna a kan gwangwanin fenti ya ce ba zai tashi ba sai an kira hukuma. Malamar ta ce idan rabuwar ta faɗo ƙasa da sanda, a auna kowane ɓangare daban. Baba Tela ya kashe waya yana murmushi, ya ce wa Direba ai shi tun farko ya gane wando ne, kuma mai tuƙi bai kamata ya sa baki a maganar wando ba. Direba ya ce tun da yayarsa ta auri wannan mutum bai taɓa jin ya ce an fi shi gaskiya ba.

Na ƙarshe da suka auna su ne itatuwan maɗaci shida da ke jere a bakin titi, daidai inda mutane ke tsayawa jiran mota. Su ne matasan kurmin, miƙaƙƙu, masu yawan ganye, kuma Baba Tela ya fi jin su a rai, don a gindinsu yake hutawa idan ya gama tafiyarsa ta safe, yana kallon mata da jakunkuna da 'yan makaranta suna rububin inuwa. Ya zagaya su da tef ɗaya bayan ɗaya yana faɗa yana rubutawa: hamsin, hamsin da ɗaya, hamsin, hamsin, hamsin da ɗaya, hamsin da ɗaya. Direba ya leƙo daga bayan na ƙarshen ya ce lallai waɗannan da ƙyar suka tsallake, ya shafa musu lamba daga ɗari da bakwai zuwa ɗari da goma sha biyu.

Matarsa ta kwafe komai a fom a teburin falo, da tabarau a karan hanci, tana ƙorafin cewa bakwai ɗinsa da ɗaya ɗinsa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Da ta ƙidaya, waɗanda suka kai hamsin arba'in da bakwai ne. Malamar ta zo ta zaɓi manya biyar, irin masu inci ɗari da wani abu, ta zagaya su da nata tef mai santimita, ta yi lissafi a waya, ta ce bambancin bai taka kara ya karya ba, dole a sami haka a itace mai kaushin ɓawo. Ta sa hannu. Ta ce ba ta taɓa karɓar takarda mai tsabta irin wannan daga mutanen gari ba. Baba Tela ya dawo gida kafaɗarsa ta fi ta kullum faɗi, ya maimaita wa matarsa wannan magana sau uku kafin ta ajiye masa ruwa. Saura kwana huɗu kwamiti ya zauna.

Rigar matarsa ce ta ɓata komai. Akwai wani yadi da 'yarsu ta aiko mata, tun kafin a fara aikin kurmi ta sa ya auna ta, ya rubuta a 'yar takarda, ta kai wa wata mai ɗinki a bakin kasuwa tunda shi ido ya hana. Da yammar ranar aka kawo ɗinkin. Ta shiga ɗaki ta sa, ta fito ta tsaya a ƙofar falo. Rigar ta yi mata yawa ta ko'ina, kafaɗa ta zubo, ƙugu yana lilo. Baba Tela ya hau faɗa. Ya ce telolin yanzu keke suka iya takawa kawai, ba su san awo ba, ba su san almakashi ba, ya sa aka kira masa mai ɗinkin a waya. Matar ta ba da haƙuri cikin ladabi, ta ce ita awon da aka ba ta ta bi, inci biyu kawai ta ƙara kamar yadda kowa ke yi.

"Wane ƙari kuma? Ai na riga na ƙara," ya ce. "Ni tunda nake ban taɓa rubuta awo ba sai da..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da waya a kunne, matar tana ta cewa ko yana jin ta, shi kuwa idonsa na kan littafin awo da ke kan tebur.

Maigidan da ya koya masa ɗinki yana da doka guda: kada ka rubuta abin da tef ya ce, rubuta abin da almakashi zai yanka. Inci biyu a kan duk awon da ya zagaye jiki, don mutum ya sami wurin numfashi, ya ci ya ƙoshi, ya zauna ba tare da ɗinki ya yi ƙara ba. Ya sha rankwashi a kan wannan yana ɗan shekara goma sha biyar, har ƙarin ya daina bi ta kansa, ya koma daga ido kai tsaye zuwa baki da hannu. Tef ya ce talatin da shida, baki ya ce talatin da takwas, biro ya rubuta, shi bai ma san an yi ba. Wannan ne sirrin rigunan da ba su taɓa matse kowa ba. Kuma da wannan hannun ne ya auna itatuwa ɗari da goma sha biyu, Direba yana can bayan itace, abin da aka faɗa kawai yake ji.

Da safe ya ja Direba zuwa bakin titi, ya kafa sanda a jikin mai lamba ɗari da bakwai, ya zagaya tef, ya ce masa ya zo ya karanta da idonsa. Direba ya sunkuya ya ce arba'in da takwas. Littafi kuwa hamsin ya ce. Suka bi sauran biyar, babu wanda ya wuce arba'in da tara. Baba Tela ya zauna a kan wata saiwa ya bi littafin daga farko da fensir yana cire biyu biyu. Arba'in da ɗaya suka rage. Kurmin zai tsira, da rarar itace ɗaya tak. Amma shidan nan sun faɗa bayan waya, kuma su ne a bakin titin da za a faɗaɗa.

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, ga baƙin ciki a kanta. Shi da ya cika wa gari baki da awo, ga shi ya yi kuskure sau ɗari da goma sha biyu a jere.

"Yaya, wa ya sani?" in ji Direba, ya rage murya abin da ba ya yi. "Ni da kai da wannan tef ɗin. Ni ban ga komai ba, tef kuwa ba ya magana."

Kuma a gaskiya Direba ba shirme yake faɗa ba. Ya ce an riga an sa hannu, takarda ta wuce. Ya ce ba da gangan aka yi ba, don haka ba ƙarya ba ce. Ya ce masu manyan motoci ba za su zo da tef ba, kuma inci ɗaya ko biyu ba abin da zai sa a bar mata da yara a rana suna jiran mota ba ne. Ya yi shekara talatin yana kwasar mutane a bakin titi, ya san bambancin wanda ya jira a inuwa da wanda ya jira a rana tun daga yadda yake rufe ƙofa. Baba Tela bai musa ko ɗaya ba. Abin da ya ce kawai shi ne yarinyar nan ta sa sunanta a ƙarƙashin lambobinsa don ta yarda da shi. Direba ya ce to ya bar ta da yardarta mana, ya ɗauki gwangwanin fenti ya yi gaba.

A gida ya tarar da matarsa tana farke gefen rigar da reza. Ya zauna ya zuba mata ido. Ta san abin da ya faru tun jiya, don ita ta kwafe lambobin, kuma ta san mijinta. Ba ta ce ya je wurin malamar ba, ba ta ce kada ya je ba. Ta ce dai ko wanne zai yi ya tashi ya yi, kada ya zauna yana kallonta kamar ita ce kwamitin. Ya tashi ya sa takalmi.

Ofishin malamar ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, da fanka mai ƙara, da taswira a bango wadda rana ta cinye rabinta, da fayiloli jibge a ƙasa. A taga akwai wata shuka a tukunya da ta bushe ƙayau, wanda a wata rana da sai ya tambayi dalili. Ya ajiye littafin da tef a kan teburinta, ya yi mata bayani tun daga rankwashin maigidansa har zuwa rigar matarsa. Ta yi ƙoƙarin dannewa, ta kasa, ta yi dariya har ta share ido da bayan hannu. Ta ce ta ga masu ƙara lamba don son kai, ta ga masu ragewa don lalaci, amma wanda ya bar wa itace wurin cin abinci, yau ta fara gani. Sai ta jawo littafin ta ga inda fensir ya bi, dariyar ta tsaya.

Ta ce maɗaci irin waɗannan yakan ƙara kamar inci guda a shekara, in ruwa ya yi kyau ma fiye. Da an bar su shekara ɗaya ko biyu da sun kai hamsin da kansu. Kai, mutumin nan, a cikin wannan halin ma sai da ya tambaya: to wancan babban na tsakiya mai inci ɗari da talatin fa, ashe ya girmi kakansa? Ta ce mai yiwuwa ne. Ya gyaɗa kai yana lissafi da yatsu.

"Baba, ka san da ba ka zo ba babu wanda zai sani," ta ce.

"Na sani, 'yata. Direba ya gaya mini ya fi sau goma. Kawo fom ɗin mu gyara."

Suka gyara tare, yana faɗa tana rubutawa, wannan karon tana cire biyu da kanta don ba ta yarda da bakinsa ba, shi ma bai yarda da shi ba. Ta ƙara wata takarda daban tana roƙon a bar shidan nan tunda sun kusa kaiwa. Kwamiti ya zauna ranar da aka sa, ya karɓi arba'in da ɗaya, ya ce kurmi ya tsira, a kafa waya. A kan shidan kuwa cewa suka yi ƙa'ida hamsin ta ce, ba ta ce kusan hamsin ba. Mutanen da a cikinsu babu wanda ya taɓa jiran mota a bakin titin nan, minti biyar ba su yi a kan maganar ba.

Gari ya yi murna, kuma da ba don bakin Direba ba da shi ke nan. Amma kafin sati ya zagayo kowa ya ji labarin inci biyu. Wasu suka ce Baba Tela mutum ne mai amana. Wasu suka ce tsufa ne. Masu jiran mota suka faɗi abin da ya fi wannan muni, kuma wasu a gabansa suka faɗa. Direba ya ɗauke ƙafa daga gidan, sai dai ya kira yayarsa a waya, in ta ce ga yayanka sai ya ce caji ya ƙare. Wannan ya yi wa Baba Tela ciwo fiye da maganar gari, ko da yake bai faɗa ba.

Yankan bai ɗauki fiye da safiya guda ba. Bai je ba. Yana gida ya ji ƙarar injin, ya tashi ya rufe taga, ƙarar ta shigo duk da haka. Ya ƙirga faɗuwa shida, bayan ta shida ya daɗe zaune bai motsa ba.

Washegari malamar ta kira. Ta ce tana buƙatar awon waɗanda aka sare don ta rufe fayil, ga shi tana wani gari mai nisa, kuma za a kwashe gungumen kafin ta dawo. Ta ce in ba zai iya ba za ta fahimta. Ya ce zai iya.

Bakin titin ya yi haske fayau, har sai da ya kare ido da hannu. Mutane suna tsaye a rana suna jiran mota, wasu sun ɗora jaka a ka. Gungumen na kwance a gefe, an sassare rassan, farar lambar Direba tana nan a jikin kowanne. Ya gwada sanda daga kututture ya gano inda ya kamata a auna, ya durƙusa da ƙyar yana tura bakin tef ta ƙarƙashin gungumen farko. Tef ya lanƙwashe ya ƙi wucewa. Ya sake turawa, ya sake lanƙwashewa. A na uku sai ya ji an ja daga ɗaya gefen.

Direba ne durƙushe a can, tumbinsa a kan gwiwa, yana haki. Bai yi gaisuwa ba, Baba Tela ma bai yi ba. Ya miƙo bakin tef ɗin ta sama, aka haɗa. Dukansu suka sunkuya suka duba, arba'in da tara.

"Ƙara masa biyun, Yaya," in ji Direba a hankali. "Yanzu wa zai ce maka a'a?"

Baba Tela ya dubi littafin. Hannunsa ya riga ya fara zana biyar ɗin hamsin da ɗaya tun kafin Direba ya rufe baki. Ya tsayar da biron, ya soke.

"Mai numfashi ake yi wa ƙari," ya ce.

Ya rubuta arba'in da tara, ya dafa kafaɗar Direba ya miƙe, suka matsa zuwa na gaba.